Musayar mota alhali da sauran bashi a kanta

Baƙon Houston: Salamu alaikum 'yan uwa. Saura dala 14,000 na bashin banki a kan Camry ɗina. Dila ya ce zai karɓe ta a 10,000 ya ba ni sabuwa, wai biyan wata ma zai ragu. Ta yaya?

Tsohon direba: Wa alaikumus salam ƙanena. Giɓin 4,000 ɗin nan ba yafe maka za su yi ba, kan sabon bashin za su ɗora shi, ya riƙa haihuwar ruwa. Biyan watan ya ragu ne don sun ja bashin zuwa wata 72 ko 84.

'Yar Zinder: Malam, kira bankin su faɗa maka adadin da zai rufe bashin yau. Ka kuma gwada sayar wa mutum da kanka, yawanci ya fi tsoka.

Baƙon Houston: Na gode Yaya. Na duba takardar, wata 84 ne kuwa. Bari in ci gaba da lallaɓa tsohuwar.