Neman kalmar Hausa: me za mu kira kwantarol a aikin gwajin Bayoloji?

Malamin SS2:
Assalamu alaikum malamai. Akwai kalmar da ke ɗaure wa ɗalibai kai a aikin gwaji, wato control, wadda yara ke kira kwantarol. Ƙamus zai ba ka iko, ko sarrafawa, ko kula da abu, kuma babu ko ɗaya da ta taɓa ma'anar da ake nufi a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje. Bari in kawo inda take fitowa don mu san abin da muke nema wa suna.

Gwajin tsirowar iri. Kwalabe huɗu, kowace a shimfiɗa mata auduga a ƙasa, a zuba ƙwayar wake 10. Ta farko a jiƙa audugar, a bar ta a ɗaki. Ta biyu a bar audugar a bushe. Ta uku a tafasa ruwa minti 10 don iskar da ke narke a cikinsa ta fita, a rufe shi ya huce, a nutsar da waken, sannan a tsiyaya man gyaɗa a sama mai kaurin santimita 1 don kada iska ta koma. Ta huɗu a jiƙa kamar ta farko amma a sa ta a firji. Bayan kwana 3 zuwa 4, ta farko kaɗai ce za ta fitar da saiwa. To ita wannan ta farkon ce kwantarol. Ba don ita ba, duk wanda ya ga kwalabe uku babu tsiro yana da ikon cewa waken ne matacce tun daga kasuwa. Me za mu kira ta?

Malamar Kimiyya:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai ma'auni ce ta fara zuwa mini, tunda da ita ake auna sauran.

Baban Lab:
Malama, ma'auni za ta rikita mana ɗaki. A kan teburi ɗaya akwai ma'aunin zafi, ma'aunin nauyi, da kwalbar awo mai layuka. Ka ce wa yaro miƙo ma'auni, rula zai miƙo maka. Mizani ma hakan take, sikeli za a kawo.

Kuma Malam, akwai gyara a tsarin da ka kawo. Kwalbar da ke firji ta bambanta da ta farko da abu biyu, sanyi da duhu, domin fitilar firji tana mutuwa da zarar an rufe ƙofa. Ɗalibi mai kaifin basira zai ce duhun ne ya hana tsiro, kuma ba ka da amsar ba shi. Magani shi ne a saka sauran ukun cikin kabad ko kwali, kowa ya sha duhu. Sai matsalar wuta. In aka ɗauke ta kwana ɗaya a watan Afrilu, cikin firji zai ɗumama, waken ya tsage ya fara fitar da saiwa, yara su rubuta cewa sanyi ba ya hana komai. Kula, wato akwatin riƙe sanyi, mai ƙanƙara a ciki ta fi aminci, a riƙa sabunta ƙanƙarar safe da yamma, a ajiye ma'aunin zafi a ciki, a tabbatar bai wuce digiri 5 ko 6 ba. Da hunturu kuma audugar kwalbar farko kan bushe cikin yini guda, sai a ɗora murfi ba tare da an ɗaure ba, a riƙa ɗiga ruwa kullum. Ruwan ya jiƙa auduga kawai, kada ya kwanta, in ya kwanta wake ruɓewa zai yi ya yi fumfuna. Kafin a fara a tsince masu huda, a jefa sauran a ruwa, duk wanda ya taso sama a zubar da shi.

Ɗan Aji:
Malamai, ba za a ce zakaran gwajin dafi ba? Kowa ya san ta.

Mai Fassara:
Ɗan'uwa, zakaran gwajin dafi shi ne wanda aka ɗora wa abin da ake gwadawa, wato kwalbar firji ko ta man gyaɗa. Wanda muke nema shi ne abokinsa da ba a ba dafin ba. Ka kawo mana sunan ɗaya ɓangaren ne.

Ina da shawara biyu: makwatanci, daga kwatanta, ko kuma ɗan kallo, tunda shi ba a taɓa shi.

Malamar Kimiyya:
Ɗan kallo tana da daɗin baki, amma ina tsoronta ƙwarai, domin za ta dasa wa yara kuskuren da muka fi fama da shi, wato zaton kwantarol shi ne wanda aka ajiye gefe ba a yi masa komai ba. Duk abin da aka yi wa na gwaji shi ma ana yi masa, sai abu ɗaya tak.

A duba gwajin miyau da sitaci. Ana dama giram 1 na sitaci da ɗan ruwan sanyi, a juye cikin tafasasshen ruwa har ya cika mililita 100, a bari ya huce. Kwalba biyu, kowace mililita 5 na wannan ruwan. Ta farko a ƙara mata mililita 1 na miyau da aka tsinka da ruwa. Ta biyu ba a barinta haka, ita ma ana ƙara mata mililita 1 na miyau, amma wanda aka tafasa minti 5 ya huce, domin zafi ya riga ya lalata sinadarin amiles da ke narkar da sitaci. Duka biyun su zauna cikin kofi ɗaya na ruwan ɗumi mai digiri 37, zafin jikin mutum. Kowane minti ɗaya a ɗiga kaɗan daga kowace a kan farar tayil, a ɗiga aidin a kai, sinadarin da ke komawa shuɗi-baƙi in ya haɗu da sitaci. Ta farko za ta fara da shuɗi mai duhu kamar baƙi, launin ya riƙa dusashewa har aidin ya tsaya a kalarsa ta ruwan ƙasa. Ta biyu tana nan shuɗi-baƙi har ƙarshe. An auna mata, an ɗumama ta, an ɗiba daga cikinta daidai da 'yar'uwarta. Wannan ba 'yar kallo ba ce.

Abin da ya fi ɓata wannan gwajin shi ne maɗigi ɗaya da ake tsoma wa nan a tsoma wa can. Ɗigon miyau mai rai ɗaya ya isa ya cinye sitacin kwalbar ta biyu. Kowace kwalba da nata maɗigin. Kuma kowane ɗalibi shi zai taɓa miyansa, shi zai wanke kwalbarsa.

Malamin Gona:
Na goyi bayan Malama, kuma akwai wani tarkon. A aikin taki, kwantarol shi ne wanda aka hana: leda 10 ta masara da takin dabbobi, leda 10 babu. A gwajin wake kuwa kwantarol shi ne wanda aka bai wa komai. Don haka duk sunan da ya fara da marar ko babu ya faɗi tun kafin a je ko'ina.

Ga masu son yin na takin, a haɗa ƙasar wuri ɗaya a cakuɗa ta sosai kafin a raba. A huda ƙasan ledoji duka. Ƙwaya 3 a kowace leda, zurfin santimita 3, bayan sati ɗaya a cire a bar ɗaya. Ruwa da gwangwani ɗaya ake auna wa kowa. Kada a jera masu taki a bakin taga marasa taki a lungu, a gauraya su, a riƙa sauya musu wuri duk sati. A auna tsayi rana ɗaya a kowane sati har sati 6, daga ƙasa zuwa ƙarshen ganye mafi tsawo. Takin kaji ɗanye yana ƙona saiwa, sai wanda ya ruɓe ya huce. Leda ɗaya da ɗaya kuwa ba gwaji ba ne, akuya ɗaya ko fara ɗaya ta gama da aikin zango guda.

Ɗan Damagaram:
Barkanku da aiki malamai. A makarantun Nijar darasin SVT, wato kimiyyar halittu da ta ƙasa, da Faransanci ake yin sa, kuma kalmar da ke cikin littafi ita ce témoin, ma'anarta mai shaida, irin na gaban alƙali. Littattafan kimiyya na Larabci a Maroko da Aljeriya ma shahid suke cewa. Me zai hana mu ce shaida? Kalma ce da kowane yaro ya taso da ita. Shaida ba shi ne mai ƙara ba, ba shi ake tuhuma ba, amma yana wurin daga farko har ƙarshe, kuma in babu shi magana ba ta tabbata.

Mai Fassara:
Malam na Damagaram, kalmar ta zauna a kunne. Damuwata ɗaya ce: shaida tana da 'ya'ya da yawa. Hujja shaida ce, alama shaida ce, ga takardar shaida. In malami ya ce ina shaidarka, ɗalibi zai nuna masa ganyen da ya yi shuɗi, wato sakamako. Makwatanci ba ta da wannan matsalar.

Baban Lab:
Makwatanci ba ta da matsalar, amma tana da nauyi a baki, kuma ba ta faɗi wanne ake kwatantawa da wanne ba. Duka kwalaben makwatantan juna ne. Ita kuwa shaida maganinta mai sauƙi ne: kada a sake ta ita kaɗai, kullum a ɗaura ta da sunan abin. Kwalbar shaida, ledar shaida, ganyen shaida, dankalin shaida. Abokin zamanta kuma kwalbar gwaji, ledar gwaji, ganyen gwaji.

A gwada ta a aikin ganye a ji. Shuka a tukunya, wake ko dankalin Hausa, a sa ta cikin duhu awa 48 don ganyen su cinye sitacin da suka tara. Kafin a fitar da ita rana a tsinki ganye ɗaya a gwada da aidin, wannan ne ganyen shaida na farko. In ya yi shuɗi, duhun bai isa ba, a ƙara kwana. Sannan a rufe tsakiyar wani ganye da baƙar takarda sama da ƙasa, a maƙale da kilif, a bar shukar a rana awa 4 zuwa 6. A tsinke shi, a tsoma a tafasasshen ruwa minti 1. A kashe wuta. Ina maimaitawa, a kashe wuta, sannan a buɗe kwalbar sifirit. Sifirit yana tafasa a digiri 78, don haka ruwan zafin da aka sauke ya ishe shi: ganye cikin kwalbar sifirit, kwalbar cikin kofin ruwan zafi, har koren ya fita ganyen ya yi fari. Zai fito da tauri yana karyewa, sai a ɗauraye shi a ruwan ɗumi ya yi laushi, a baje a tayil, a ɗiga aidin. Gefen da ya sha rana shi ne gefen shaida, zai yi shuɗi-baƙi. Inda takarda ta rufe zai tsaya ruwan ƙasa. Ganyen mangwaro ya cika kauri, koren ba ya fita da wuri. Ganyen albasa kuwa sukari yake ajiyewa ba sitaci ba, ko ya wuni a rana ba zai nuna komai ba.

Ni ban ji inda kalmar ta yi tuntuɓe ba.

Malamar Kimiyya:
Ta shiga, Baba. Har ma ta buɗe mana ƙofar wasu biyu da Turawa ke rabawa zuwa mai tabbatarwa da mai korewa. A gwajin sukari da ruwan Benedict, wani shuɗin sinadari da ke sauya launi in an ɗumama shi da sukari irin gulukos, ban da abincin da ake gwadawa, ana sa kwalba ɗaya ta ruwan gulukos da aka san dole ta koma ja kamar jan bulo bayan minti 5 a ruwan zafi, da kwalba ɗaya ta ruwa zalla da aka san dole ta tsaya shuɗiya. Ina ba da shawarar shaidar akwai da shaidar babu. In shaidar akwai ta ƙi ja, sinadarin ya lalace ko ruwan bai yi zafi ba. In shaidar babu ta sauya launi, kwalbar ce ba a wanke ba. Ko wanne ya faru, sakamakon ranar bai da amfani. Aidin ma haka, yana dusashewa in ya daɗe a farar kwalba a haske, don haka a fara ɗiga shi a kan ɓallin rogo ko burodi kafin a raba wa aji.

Malamin SS2:
Madalla. Mun tsaya a kan shaida, haɗe da sunan abin, da shaidar akwai da shaidar babu. Tunda jarrabawar WAEC da NECO da Turanci ake amsa ta, a rubuta sunayen biyu a jikin kwalba a zangon farko har ido ya saba.

Mai Fassara:
Na janye makwatanci. Saura jam'i: kwalaben shaida, ledojin shaida, ba kwalaben shaidu ba. Abin ne ke ƙaruwa, aikin ɗaya ne.

Baban Lab:
Haka ne. Rubutun kuma a jikin kwalba za a yi shi, ba a kan murfi ba, domin murafe suna musanyuwa. A kan farar takarda mai manne, da fensir, saboda tawadar biro tana zuba da zarar sifirit ya taɓa ta. A sa kwanan wata da lambar rukunin ɗalibai a ƙasa.