Shin mai ƙirƙira zai iya mallakar duk jerin ƙwayoyin gado masu kama da nasa?

Malamin gona, Ringim:
Assalamu alaikum. Tun da manomanmu suka fara shuka waken SAMPEA 20-T da aka gyara ƙwayoyin gadonsa don ya jure tsutsa, wanda cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar a 2019, wata tambaya take damuna. Idan mutum ya gyara jerin ƙwayar gado, wato jerin haruffan da ke ɗauke da bayanan halittar abu mai rai, ya nemi takardar mallakar ƙirƙira, zai iya cewa duk jerin da ya yi kama da nasa da kashi 90 cikin ɗari mallakinsa ne?

Lauya, Dutse:
Wa alaikumus salam, Malam. Zai iya nema, amma sharaɗin shi ne bayaninsa ya isa har masanin fannin ya iya haɗa duk abin da ya yi iƙirari ba tare da gwaje-gwajen da suka wuce kima ba. Kashi 90 cikin ɗari ya ƙunshi jeri iri-iri da ba sa ƙirguwa, kuma sauya harafi ɗaya na iya lalata aikin furotin, wato sinadarin da jerin ke sa a ƙera, gaba ɗaya. A 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi amincewa da iƙirarin kamfanin magani na Amgen a shari'arsa da takwaransa Sanofi, domin ya bayyana ƙwayoyin garkuwar jiki 26 kaɗai, alhali yana neman mallakar miliyoyi. A ganina hukuncin ya yi daidai.

Ɗalibi, Bichi:
Ranka ya daɗe, dokarmu fa?

Lauya, Dutse:
Dokar Najeriya ta 1970 ita ma ta wajabta cikakken bayani, sai dai ba ta ba da wannan takarda a kan nau'in shuka ba. Wannan yana ƙarƙashin dokar kare nau'o'in shuka ta 2021.