Kwaɓina ya ƙi mulmuluwa bayan na ƙara laktos

Ɗalibar harhaɗa magunguna:
Assalamu alaikum. Aikina na shekarar ƙarshe kan ƙananan ƙwayoyin nan ne masu kama da gero da ake ɗurawa cikin kafso, irin na omeprazole, maganin gyambon ciki. Da farko na kwaɓa garin Avicel PH-101 (wani farin gari da ake haɗa ƙwayoyin magani da shi) zalla da ruwa, na matsa shi ta ƙananan ramukan inji ya fito sili-sili kamar taliya, na juye a injin mulmulawa, ƙwayoyi suka fito gwanin sha'awa. Sai na maye gurbin rabin garin da laktos, na zuba ruwa daidai da na farko. Wallahi curi-curi ya fito kamar fura, har ya manne a faifan injin. Sau 3 ke nan ina sakewa. Ina na kuskure?

Tsohon ma'aikacin masana'anta:
Wa'alaikumus salam 'yata. Ruwa ne ya yi miki yawa. Avicel daga itace ake samo shi, ba ya narkewa. Shan ruwa yake kamar soso ya riƙe. In inji ya matse shi sai ya saki kaɗan, kwaɓin ya yi santsi ya wuce ta ramukan, sannan ya sake tsotsewa. Laktos kuwa sukarin madara ne, narkewa yake ya ƙara wa kwaɓin danshi da danƙo. Kin rage mai riƙe ruwa, kin bar ruwan yadda yake, dole ya cure.

Ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina dunƙulawa a tafin hannu: ya haɗu, amma in kin karya ya karye tsaf. In kuma kika rage ruwan fiye da kima, za ki ga gari da ƙwayoyi masu siririn ƙugu kamar kalangu. Yanzu da ake hunturu, ki rufe kwanon, iska na busar da kwaɓi tun kafin ki kai shi inji.

Wata mai koyarwa:
Gaskiyar Baba ne. Amma ƙanwata, kada ki gudu ki koma Avicel zalla don ya fi kyan gani. Ƙwayoyinsa in sun bushe ba sa farfashewa a ruwa, maganin da ba ya narkewa da sauri sai ya daɗe bai fito ba. Laktos ɗin nan shi ke narkewa ya buɗe masa hanya. Wane magani za ki sa?

Ɗalibar harhaɗa magunguna:
Ibuprofen ne, Anti, kuma ba ya son ruwa. Na gode Baba, gobe da safe zan sake kwaɓi, ina rubuta ruwan da ya ci.