Katantanwar katako don yara: abin da aka tattauna

'Yan'uwa na Mai Wurno da Gadarif a Sudan, maganar da muka yi kan yadda za a sassaƙa wa yara katantanwar wasa mai juyawa ta yi tsawo, ga abin da na tattaro:

1. Itace. Kusan kowa ya zaɓi gabaruwa, wadda Larabawan nan ke kira sunut, saboda nauyi da tauri. Wasu sun ce aduwa. Amma a bari ya bushe sarai, ɗanye yana tsagewa.

2. Siffa. Nauyi ya sauka ƙasa, ciki ya yi faɗi, kan ya zama siriri. Idan tsinin ya kauce daga tsakiya, rawa za ta yi ta faɗi. Inda wuta ba ta tsayawa, masu juya itace da baka da igiya sun ce hannu ya isa.

3. Launi. Nan aka rabu. Ɓangare ɗaya na son lalle, kurkum da ruwan soɓo, tunda yara na kai komai baki. Ɗaya ɓangaren ya ce jan soɓo yana kodewa, gara fentin ruwa. Ni dai na fi karkata ga na farko. Fenti mai dalma kuwa, babu wanda ya yarda. A shafa launi tana juyawa, zobe ya fito daidai.

4. Shafi. Kakin zuma ya yi rinjaye. Man riɗi yana yin ɗoyi idan ya daɗe.

5. Ban da ƙusa a tsini. 'Yan ƙasa da shekara 3 kada a ba su ƙanana.

Rabo: makarantun allo da yaran da yaƙin Sudan na 2023 ya raba da gidajensu, ta hannun malamai.