Muhawara (Disamban 2025): Wa ya kori Marc Brys, kocin tawagar ƙwallon ƙafa ta Kamaru, kuma korar ce ma aka yi?

Mai gidan kallo, Garwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwanaki ke nan ban yi barcin kirki ba, shi ya sa na ga gara in amayar da abin da ke cikina a nan. Bashi na ciwo na sayi sabon allo da batir da kujeru 40 saboda gasar cin kofin Afirka da za a fara a Maroko ranar 21 ga Disamban 2025, ina sa ran gidan kallona zai cika kamar yadda ya cika a 2017, sai ga shi ranar 1 ga wata an ce babu Marc Brys, saura kwana 20 a take wasa. A ganina 'yan jaridar Yawunde da Duwala ne suka kori mutumin nan. Tun daren da Kwango ta Kinshasa ta zura mana ƙwallo ɗaya a Rabat, ta rufe mana ƙofar gasar duniya ta 2026, ba su da wata magana a rediyo da talabijin sai tasa, har suka ga bayansa. Ƙungiyar da aka canja wa koci a bakin gasa ba ta da inda za ta je, balle a rukunin da Kodebuwa mai riƙe da kofi take, ga Gabon ga Mozambik. Jiya wasu samari suka ce mini ko kyauta ne ba za su zo kallon Zakuna, wato tawagar ƙasarmu, ba, na tsaya ina duban kujerun nan ko ledarsu ban cire ba.

Malamin makaranta, Marwa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya rufa asiri a kan bashin. Sai dai akwai gyara a kalmar da ka yi amfani da ita, domin mutum ba ya korar wanda ba shi ya ɗauka aiki ba. A watan Afrilun 2024 ma'aikatar wasanni ce, ƙarƙashin minista Narcisse Mouelle Kombi, ta naɗa Brys, hukumar ƙwallon ƙafa ta FECAFOOT kuwa ta fito fili ta ce ba da saninta aka yi ba. Da gwamnati ya ƙulla yarjejeniya, ita ce kuma ke biyansa. Abin da hukumar ta yi ranar 1 ga Disamba sanarwa ce, amma ba kora ba ce, kuma shi ya sa shi kansa Brys ya ce yana nan daram, har ya fitar da nasa jerin 'yan wasan.

Direban babbar mota, Ngaundare: Malam, da girmanka, wannan bayani na cikin aji ne. Mu a wurin aikinmu, idan aka karɓe maka makulli aka miƙa wa yaron motarka, an kore ka, ko takarda ta zo ko ba ta zo ba. David Pagou mataimakinsa ne, yanzu shi ne zai zauna a kan benci a Agadir ranar 24 ga wata idan za mu kara da Gabon. Wanda ke gida yana rubuta sunayen da babu mai saka musu riga, me za a kira shi in ba korarre ba?

Malamin makaranta, Marwa: Ƙanena, ai makullin ne ake gardama a kai, na wane ne. Idan mota ta mahaifinka ce, ɗan kamasho ba shi da ikon sallamar direba. Kuma wannan ba wasa da harshe ba ne, domin kalmar tana da kuɗi a kanta: lokacin da aka sallami Toni Conceição a 2022, bayan ya kai mu matsayi na uku a gasar da muka karɓi baƙunci, ƙara ya kai FIFA, aka yanke hukunci a biya shi diyya mai yawa. Duk wanda ya amsa cewa shi ya yi korar, shi ne zai biya.

Tsohon ɗan wasan unguwa, Garwa: Ni kuma ina ganin ku duka biyun kun kauce. Sallama daban, kora daban, tsigewa daban. Kora ita ce a wulaƙanta mutum a bainar jama'a, kuma wannan tun watan Mayun 2024 aka yi ta, ranar da duniya ta ga bidiyon shugaban FECAFOOT Samuel Eto'o yana ɗaga wa Brys murya a ofishin hukumar. Tun daga ranar mutumin nan korarre ne, zaman haƙuri kawai yake yi.

Ɗalibar jami'a, Ngaundare: Baba, ban yarda da a ɗora wa shugaba Eto'o laifin wulaƙanci ba, domin duk wanda ya kalli bidiyon har ƙarshe ya san ba bakin mutum ɗaya ne ya yi zafi ba. A ƙa'idar FIFA hukumar ƙwallo ce ke da hurumin zaɓen mai horarwa, ba minista ba. An sake zaɓen Eto'o ranar 29 ga Nuwamba, bayan kwana biyu ya yi amfani da ikonsa. Wannan gyara ne, ba kora ba.

Mai gidan kallo, Garwa: Jama'a, ni fa maganar 'yan jarida na kawo, da kuma ko za mu iya fita daga rukuni.

Direban babbar mota, Ngaundare: Alhaji, yi haƙuri tukuna, wannan kalma ta "gyara" ba za ta wuce ni ba. 'Yar'uwa, wane irin gyara ne zai bar Vincent Aboubakar a gida? Yaron da ya tashi a Garwa, ya fito daga Coton Sport, ya ci mana ƙwallon da ta ba mu kofi a kan Masar a Libreville a 2017, ya ci 8 a gasar da aka yi a ƙasarmu, ya ci Brazil a Katar har ya tuɓe riga aka ba shi jan kati yana murmushi. An bar André Onana, an bar Choupo-Moting, amma wanda ya fi yi mini ciwo shi ne kyaftin ɗinmu. Kowa a tasha yana faɗa cewa don kada ya kamo ƙwallaye 56 na Eto'o ne aka ajiye shi.

Ɗalibar jami'a, Ngaundare: Yaya, abin da ake faɗa a tasha ba hujja ba ne, kuma zargi mai nauyi irin wannan bai kamata a jefa shi haka kawai ba. Pagou ne ya sa hannu a jerin sunayen, mutum ne da ya ɗauki kofin gasar lig ta ƙasa da PWD Bamenda a 2020, ya san 'yan wasa. Shekaru suna tafiya, kuma ƙaunar da muke yi wa Aboubakar ba za ta mayar masa da ƙafafun 2017 ba.

Tsohon ɗan wasan unguwa, Garwa: 'Yata, ki iya bakinki a kan ƙafafun Aboubakar. Na ga yaron nan da idona yana atisaye tun ba a san sunansa a Yawunde ba. Mu mutanen arewa ba mu da yawa a cikin wannan riga, idan aka cire mana wanda muke da shi dole mu ji a jikinmu.

Ɗan kasuwa, Kusiri: Bari in ba Alhaji amsar da yake nema, tun da kowa ya manta da shi. Canja koci a bakin gasa ba mutuwa ba ne. Kodebuwa ta rabu da Jean-Louis Gasset a tsakiyar gasa a Janairun 2024, bayan Equatorial Guinea ta yi mata 4 da nema, Emerse Faé ya karɓa ya ɗauki kofi. Hugo Broos kuma, babu irin sukar da jaridu ba su yi masa ba lokacin da ya zo, manyan 'yan wasa irin su Joël Matip suka ƙi amsa kira, amma ya kawo mana kofi na biyar.

Tsohon ɗan wasan unguwa, Garwa: Alhaji na Kusiri, ka ɗauko misalin da ya yi maka daɗi ka bar wanda ya faru a ƙofar gidanmu. Najeriya ta sallami Gernot Rohr a Disamban 2021, wata guda kafin gasa, Augustine Eguavoen ya kawo su nan filin wasa na Rumde Ajiya da ke Garwa suka ci Masar da Sudan da Guinea-Bissau, jaridunsu suka fara rabon kofi tun ba a kai ko'ina ba. Ranar 23 ga Janairun 2022 ina cikin filin Youssef Msakni ya ɗaɗa ƙwallo daga nesa, Tunisiya ta tura su gida. Na ga manyan mutane da suka taso daga Yola suna hawaye a bakin ƙofa.

Direban babbar mota, Ngaundare: Baba, an ce ai kai ma koriyar riga ka saka ranar, shi ya sa abin bai bar ranka ba.

Tsohon ɗan wasan unguwa, Garwa: Na saka, kuma ban ɓoye ba, rabin Garwa ma ta saka, domin baƙinmu ne kuma dangin iyayenmu ne. Amma kada wani yaro ya auna mini kishin Kamaru da launin riga. Ina gaban akwatin talabijin a 1990 lokacin da Roger Milla yake rawa a kusurwar fili, kai ko haihuwarka ba a yi ba. Ina jiran ka janye maganar.

Malamin makaranta, Marwa: Ko a maganar Gasset ma, Alhaji, ka lura ka ce "ta rabu da shi", ba ka ce ta kore shi ba, domin daga baya an yi ta bayani cewa shi ne ya ajiye aiki. Kun ga ashe kalmar tana da muhimmanci.

Ɗalibar jami'a, Ngaundare: Tun da dare ya yi, bari in taƙaita wa waɗanda za su karanta da safe. Mafi yawanmu mun fahimci cewa ba korar Brys aka yi ba, hukuma ce ta karɓi haƙƙinta da aka ƙwace mata tun 2024, kuma Malam ya tabbatar da cewa naɗin nasa tun farko a karkace yake. Misalin Kodebuwa ya nuna cewa ɗan ƙasa yana iya abin da Bature ya kasa, zargin da aka yi wa shugaba Eto'o kuwa babu wanda ya kawo masa shaida. Maganar Aboubakar ta zuciya ce, na kuma girmama ta.

Malamin makaranta, Marwa: 'Yata, ban ce naɗin a karkace yake ba. Na ce wanda bai ɗauka ba ba ya kora, kuma wannan magana a kan hukumar ta faɗa, ba a kan ma'aikatar ba. Ki gyara kafin mutane su tashi.

Mai gidan kallo, Garwa: Har yanzu babu wanda ya ce mini komai a kan 'yan jaridar. Mai kujerun ya sake kirana bayan sallar isha'i, na ce masa ya ba ni zuwa ranar 25 ga wata.