Rilaksa da rini bayan tiyatar rage tumbi: in yi ko in jira?

Mai tambaya, daga Ƙofar Marusa, Katsina:

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da aka yi mini tiyatar rage tumbi a Alƙahira, irin wadda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin, kuma alhamdulillahi nauyi yana sauka, gwiwoyina sun daina ciwo. Damuwata ita ce gashi. Ranar Asabar da na tsefe kitso, abin da ya fito a mataji ya cika tafin hannuna, har yarinyar da take taya ni tsifa ta yi shiru tana kallona. Bikin ƙanwata saura mako biyar, rabona da rilaksa tun kafin tafiya, sabon gashi ya taso da tauri, ga furfura a gaban goshi. Shin zan iya sanya rilaksa in kuma yi rini, ko hakan zai ƙara zubewar?

Amsa daga wata ma'aikaciyar jinya, Katsina:

Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah Ya ƙara lafiya. Ki kwantar da hankalinki, domin zubewar ta zo daidai lokacin da aka san tana zuwa. Wahalar tiyata da saukar nauyi da sauri da ƙarancin abinci suna sa jiki ya dakatar da tsiron gashi mai yawa a lokaci guda, ya juya ƙarfinsa ga abin da ya fi muhimmanci, amma gashin da aka dakatar ba ya faɗuwa sai bayan kimanin wata uku. Yawanci zubewar tana tsananta tsakanin wata na uku da na shida, sannan ta lafa kafin shekara ta cika, kuma tushen gashin yana nan da rai.

Rilaksa ba ta da hannu a wannan zubewa, ba ta kuma taɓa aikin da aka yi miki a ciki. Illarta ita ce tana raunana gashin da ya rage, sai ki haɗa zubewa daga tushe da karyewa daga tsakiya. Ki duba silin da ya faɗi: idan akwai ɗan farin ƙulli a ƙarshensa, daga tushe ya fito, idan kuwa guntu ne babu ƙulli, karyewa ya yi. Shawarata ki jira zubewar ta tsaya. Kafin nan ki cika giram 60 zuwa 80 na furotin da ake buƙata a rana, daga ƙwai da kifi da awara da kindirmo, kuma kada ki yi wasa da ƙwayoyin bitamin da aka rubuta miki.

Amsa daga wata mai gyaran gashi, Daura:

Anti, da a shagona kika zo, wallahi ba zan sanya miki ba, ko da za ki yi fushi da ni. Man rilaksa mai ƙarfi ana yin sa ne da soda irin wadda ake haɗa sabulu da ita, wanda ake cewa ba shi da soda kuwa shi ma yana ƙona fatar kai, yana kuma busar da gashi. Inda sabon gashi ya haɗu da tsohon da aka riga aka sanya wa mai, nan ne ya fi rauni, nan ne kuma muke ganin yana gutsurewa a hannunmu wajen wanki. Haɗa rilaksa da rini a rana ɗaya kuwa ko ga mai cikakken gashi ba na yi.

Ki wanke kan da karkashi ko sabulu mai laushi, ki shafa man kaɗanya tun yana da danshi, ki taje da mataji mai manyan haƙora daga baki zuwa tushe. A yi miki manyan kitso sakwa-sakwa, ba ƙari, kada a ja gaban goshi. A wurin bikin ai ɗaurin ɗankwali za a gani. Furfurar kuma jan lalle na gida zai rufe ta, sai dai za ta koma ja. Baƙin lalle na kwalba da baƙin rini sukan ƙunshi sinadarin PPD mai kumbura fata, saboda haka ko nan gaba ki gwada kaɗan a bayan kunne, ki jira awa 48.

Amsa daga wata 'yar'uwa, Sabuwar Unguwa:

Yaya, ni na yi kuskuren da ake hana ki. A wata na biyar bayan tawa tiyatar na sanya rilaksa saboda sunan jaririyar yayata, cikin mako biyu gashin tsakiyar kaina ya gutsure, dole na rage sauran da almakashi. Gashi kuwa kimanin santimita ɗaya yake yi a wata, don haka na daɗe ina jira. Da aka yi mini gwajin jini aka tarar sinadarin ƙarfe ya yi ƙasa sosai, kuma ashe shayin da nake kora maganin ƙarfen da shi yana hana jiki karɓarsa. Ki nemi a duba miki ƙarfe da zink da bitamin B12, ki kuma raba maganin ƙarfe da na kalsiyam da awa biyu. Idan kina shan bitamin ɗin da ake kira bayotin saboda gashi, ki faɗa wa likita kafin a ɗibi jinin, domin yana iya rikita sakamakon wasu gwaje-gwaje.

Mai tambaya:

Na gode, Allah Ya saka muku da alheri. Na duba matajin ɗazu, kusan duk silin yana da farin ƙullin nan. Na fasa rilaksar, ranar Litinin zan je gwajin jini, lallen kuma zan sa a kwaɓa mini na gida ana gobe kamu.