Musayar Waƙa: Bahagon Manila da Kwalabe Goma

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum. Yau waƙar ta Rafael Nepomuceno ce, wanda mutanensa ke kira Paeng, gwanin bolin na ƙasar Filifin. Bolin shi ne gangara ƙwallo mai nauyi kan dogon daɓen katako don kayar da kwalaben katako goma. Mai amsa ya shirya.

Bismillahi, da shi nake farawa,
Waƙar bahago nake shiryawa.
Paeng ɗan 1957 ne,
Dogo, in ya miƙe sai dubawa.
Yana shekara 12 a birnin Baguio,
Golf suka je, ruwa ya hau zubowa.
Shi da ubansa suka nemi rufi,
Ɗakin bolin suka samu fakewa.
Ranar ya ɗau ƙwallo a hannun hagu,
Har furfura ta zo babu ajiyewa.
Uban, Angel, shi ya zama kocinsa,
Daga gida aka faro koyarwa.
Tehran, 1976, yana da 19,
Kofin Duniya ya yi ɗaukewa.
Kundin bajinta na Guinness ya sa shi mafi ƙuruciya
Cikin zakarun da suka yi cinyewa.

Mai Son Dambe:
Malam, da girmanka, ban yarda ba,
Wannan kirari bai dace ba.
Kwalabe goma an jera su tsaye,
Ba sa ramawa, ba su kauce ba.
Ina gumi, ina karon ƙirji?
Ko ƙura ma ba ta tashi ba.
Gasar ma ai ta 'yan sha'awa ce,
Ba ta masu cin tuwo da ita ba.
In jarumi ne, ina zinaren Olamfik?
Na duba wuyansa ban gani ba.

Hajiya Mai Lissafi:
Ƙanena, zauna in warware maka,
Gaggawa ce ta rufe idonka.
Ƙwallon nan kan kai fam 16,
Yatsu uku ne za su riƙe maka.
Ƙafa 60 kafin kwalbar farko,
Kwata dama da hagu tana jiran ka.
Daɓen an shafe shi da mai siriri,
Kowane jifa yana sauya maka.
Inda ƙwallo ya lanƙwasa da safe,
Da yamma a nan zai yaudare ka.
Turmi goma ake yi a wasa,
Maki 300 ne ƙarshen burinka,
Sai ka share goman sau 12 a jere,
Ɗaya in ta tsaya ta ɓata maka.
Ba sa ramawa, wannan gaskiyarka,
Hannunka ne abokin gabarka.

Tsohon Direba:
Hajiya ta yi ta hannu, ni ta shekaru,
Don a nan ake gane mai juriya.
1980 a Jakarta ya maimaita,
Kofi biyu ga mutum ɗaya.
Sai shekara 12 kofin na gilmawa,
Sababbin yara sun cika hanya.
Da wani ne, da ya rataye takalmi,
Ya zauna ba da labarin jiya.
1992, Le Mans ta Faransa,
Ya karɓi abinsa a idon duniya.
1996, Belfast, yana da 39,
Ya sa na huɗu a jaka ya juya.
Namiji guda kowace ƙasa ke turawa,
Sai ka ci gida kafin tafiya.
Ɗana, lissafa daga Tehran zuwa Belfast,
Sannan ka zo mu yi ta gaskiya.

Mai Son Dambe:
Baba, shekara 20 ce tsakani,
Wannan kam ban musa ba.
Amma tambayata tana nan zaune,
Ta Olamfik ba ku amsa ba.

Malamin Firamare:
To buɗe kunne ka karɓi amsa,
Laifin na masu tsara gasa.
Seoul, 1988, an shigo da bolin,
Don nuni kawai aka buga wasa.
Arianne Cerdeña ta Filifin ta cinye,
Ba a sa zinaren a lissafin ƙasa.
Ƙofar da ba a buɗe wa kowa,
Yaya za ka ɗora laifin bisa kansa?
Shugaban kwamitin Olamfik da kansa,
A 1999 ya ba da kofi nasa.
Hukumar bolin ta duniya a shekarar,
Gwanin shekara dubu ta raɗa masa.
Busan, 2002, wasannin Asiya,
Yana da 45, bai yi ƙasa.
Shi da RJ Bautista suka haɗa hannu,
Zinare suka kai wa mutanensa.
A gida, lambar girma ta Legion of Honor ya samu,
Lambar Lakandula a 2008 aka rataya masa.
Jami'ar Filifin ta ba shi aji,
Ɗalibai na koyo a hannunsa.
Ni wannan ajin ya fi burge ni,
Fiye da lambobin da ke ƙirjinsa.

Hajiya Mai Lissafi:
Malam, tsaya, ka tsallake mata,
Ba zan bari a rufe ba su a ciki.
Zakarun Kofin Duniya: Lita dela Rosa, 1978, Bogota,
Bong Coo, 1979, Bangkok, sun yi aiki.
Suarez a 2003 ya bi sawun maza,
Tabora a 2017 ta sa aka yi biki.
Ƙasar da ta girmama ɗan sha'awa,
Ita ke samun masu gadon aiki.

Mai Son Dambe:
Na sauko rabi, rabin ban sauko ba,
Dambe dai ba a kai shi ba.
Hajiya, akwai ɗakin bolin a Abuja,
Turmi goma, ni da ke, ban ja ba.
Wanda kwata ta haɗiye ƙwallonsa,
Shi zai sayi tsire, ban yafe ba.

Hajiya Mai Lissafi:
Na karɓa, ƙanena, Asabar ɗinka,
Taho da kuɗin tsire a aljihunka.
Fara da fam 8, kar ka yi zuciya,
Na 16 zai gurɗe maka yatsunka.